Rabin Rijiyar Baba

Litinin, 3 ga Maris

Tun kafin in buɗe shago manoma sun yi layi a bakin ƙofa. An fara rajistar tallafin gwamnati a ofishin gona da ke tsallaken titi, kuma kowa sai ya kai kwafi uku na takardar gonarsa da hoton fasfo biyu. Injin fotokofina bai huta ba har la'asar, sai da ya yi zafi na kashe shi ina yi masa fifita da kwali. Ya kamata in yi murna. Shekara huɗu da buɗe wurin nan ban taɓa ciniki irin na yau ba.

Amma duk takardar da na kifa a kan gilashi sai idona ya sauka a kan girman gonar. Eka biyar. Eka tara. Mutanen da wasunsu ko sunansu ba su iya rubutawa ba. An ce kowace eka da takinta, da irinta, da kuɗin huɗa, wanda ke da ruwa a gonarsa kuma har da injin ban ruwa. Ni da na sayar da tawa na sayi wannan akwati mai tarin tsiya, ni ke ɗaukar hoton arzikinsu a kan kuɗin da bai kai na kofin shayi ba.

Laraba, 5 ga Maris

Dillali ya leƙo, wanda ya sayar mini da gonata. Ba wanda ya tambaye shi, shi ya ja kujera ya zauna ya fara: wai tun da aka sanar da tallafi filin noma ya haukace, gonar da na sayar yau ta ninka kuɗinta sau takwas. Ya faɗa yana dariya, har da ɗaga yatsu don kar in ce ban ji ba. Na ce Allah ya sa albarka, na juya ina gyara takardun da ba su bukatar gyara.

Bari in rubuta gaskiya, tunda ba mai karantawa. Da Baba ya rasu aka raba gonar biyu tsakanina da Auta, ni babba, ni na fara zaɓa. Na ɗauki tudun bakin hanya, don na san shi zai yi saurin sayuwa. Na bar wa Auta kwarin, inda taɓo ke kama ƙafa har gwiwa. Ranar har tausayinsa na ji, irin tausayin da mai wayo ke ji. Rijiyar da Baba ya haƙa da hannunsa a tsakiya kawai muka ƙi rabawa, aka rubuta ta da sunanmu mu biyu.

Yau kwarin nan shi ne zinariya, saboda ruwa.

Alhamis, 6 ga Maris

Na hango Auta a layi. Ba layina ba, na shagon can gaba.

Asabar, 8 ga Maris

Na gaya wa Maman yara zancen Auta. Ƙanina, ciki ɗaya, ya wuce shagona ya kai takardunsa wa bare. Ta ce ƙila kunya yake ji, ya san ba zan karɓi kuɗinsa ba. Na ce ba kunya ba ce, ba ya so in ga yawan abin da zai samu ne. Ta dube ni ta ce to ai ga shi ban gani ba amma ina ta ramewa. Sannan ta ƙara da cewa hassada ga mai rabo taki ce, kuma Auta dama takin yake nema.

Ban ga abin dariya ba. Ita ta gani, har ta riƙe ciki.

Ni ba hassada nake yi ba. Rashin adalci ne ke damuna. Ni na yi karatu. Ni na cike wa Baba duk wata takarda har ya rasu. Auta makaranta ta gagare shi, kullum yana bayan Baba da fartanya kamar jela. Yanzu gwamnati ta tashi raba alheri, sai ta tsallake wanda ya iya karanta sanarwar.

Litinin, 10 ga Maris

Ya zo.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya cire takalmansa, sai ka ce shagona ɗakin surukarsa ne. Ya gaishe ni, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ciniki. Sai da ya gama zagaye-zagayensa sannan ya ciro takarda daga cikin leda. An dawo masa da rajistarsa. Tunda rijiyar tana cikin takardar gonarsa kuma da sunana a kanta, dole in je ofis da kaina in dangwala yatsa, in yarda ba za a sayar da wurin ba har shekara goma. Sharaɗin tallafin ke nan. Ranar ƙarshe talatin da ɗaya ga wata.

Na karɓi takardar na karanta a hankali, layi-layi, har ƙananan rubutun ƙasa, ina sane yana tsaye. Na ga adadin buhunan taki. Na ga injin ban ruwa. 

Na ce zan yi tunani.

Ya ce, “To, Yaya. A yi tunani lafiya.” Ya mayar da takardar leda, ya sa takalmansa ya tafi. Bai ko ce tunanin me ba. Da ya yi gardama da na ji daɗi.

Talata, 11 ga Maris

Shekara huɗu ba wanda ya nemi wani abu a wurina sai kwafi. Yau ga wani na jiran yatsana. Ba zan ɓoye ba, da daɗi.

Juma'a, 14 ga Maris

Abin da ya faru yau ko maƙiyina ba na yi wa fatansa. Wani mutum mai farar riga ya fito daga mota ya miƙo mini fayil, kwafi uku-uku. Na buɗe, na kifa takardar farko, hasken inji ya wuce, ta fito. Sai na ga sa hannuna a ƙasa. Takardar gonata ce. Manajan wanda ya saya ne, ya zo yi mata rajistar tallafi. Gonar da tun da na sayar ba a shuka mata ko ƙwaya ɗaya ba, an dai zagaye ta da waya mai ƙaya ana jiran ta yi tsada.

Bai san ni ba. Ya ce in yi sauri, kuma kwafin na biyu ya yi duhu, in sake. Na sake. Na karɓi kuɗina na ce na gode.

Da na sani ƙeya ce, in ji masu magana. Tawa yau har nauyi take yi mini.

Lahadi, 16 ga Maris

Na dawo gida na tarar da kwandon tumatir da albasa a tsakar gida, daga gonar Auta. Na ce wa Maman yara toshiyar baki ce. Ta ce duk wata yana aikowa, shekara huɗu, ba na tambayar inda miya ke fitowa ne kawai. Na ce a mayar. Ta ce ta riga ta yanka.

Na ci. Tumatirin ma ya fi na kasuwa, abin haushi.

Laraba, 19 ga Maris

Dillali ya dawo, yau har da sayo mini lemo mai sanyi. Ruwa ba ya tsami banza.

Wai akwai wani kamfani da ke son kwarin gaba ɗaya. Maƙwabtan Auta na dama da na hagu sun riga sun sayar, saura shi, kuma rijiyar Baba suke hari don ita ce ba ta ƙafewa. Ya ce Auta ba shi da ƙarfin shuka bana in ba tallafi, taki ya ninka, irin ma ya gagari talaka, shi da bakinsa ya faɗa wa mutane. In rajista ta wuce shi, dole ya sayar. Aikina kawai in zauna a shagona har ƙarshen wata, kar in tsallaka titi. Rabin rijiyata kaɗai, in ji shi, za a biya ni fiye da abin da na karɓa a kan gonata duka.

Nan take na fara mafarki. Na ga sabon inji mai kala, na ga janareta, na ga allon shago mai fitila.

Sai na yi kuskure. Na tambaye shi, to shi Auta nawa zai samu?

Ya ɗauki biro ya rubuta a bayan wata lalatacciyar takarda ya turo mini. Na ƙirga sifirin sau biyu. Lemon nan ban iya ƙarasa shi ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Gaba kura, baya siyaki. In na dangwala, Auta ya samu taki da inji, ni in tashi a tutar babu. In na ƙi, in samu nawa, shi kuma ya sayar ya zama attajiri, a riƙa nuna ni a ce, ga yayan wane can, mai fotokofi.

Wuni na yi ina hango shi a mota. Ya tsaya a bakin shagon, ya sauke gilashi, sanyi na fitowa, ya ce Yaya akwai abin da ake bukata? Da irin ladabin nan nasa. Da zai yi girman kai ma da sauƙi. Yarana su riƙa zuwa hutu gidansa mai bene su dawo suna kallon rufin ɗakinmu.

Na ɓata kwafi bakwai yau. Wani tsoho ya ce ko ba ni da lafiya ne.

Asabar, 22 ga Maris

Maman yara ta daina yi mini zancen. Shirunta ya fi maganarta ciwo. Ta ajiye mini abinci ta ce kawai, in zan gina ramin mugunta in gina shi gajere, don ƙafata ba ta da tsawo.

Talata, 25 ga Maris

Auta ya sake zuwa, ba leda a hannunsa wannan karon. Ya jira har mutane suka ragu. Ashe dillali ya je wurinsa shi ma, ya gaya masa abin da za a ba ni.

Na shirya jin roƙo. Na ma tanadi amsa, tun jiya nake gyara ta. Sai ya ce:

“Yaya, in sayarwar ce ta fi maka, ka faɗa mini kawai. Zan sa hannu. Rabonka ne, ba zan tsaya a kai ba.”

Na ce to shi me yake so? Kuɗin da za a ba shi ai har jikoki.

Ya murza hularsa. Ya ce ya yi ta tunanin kuɗin, ba ƙarya, matarsa ma ta lissafa masa abin da za su yi. Amma duk lokacin da ya kai ga safiyar farko bayan an sayar, sai tunanin ya tsaya. Ya tashi, ya wanke fuska, ya sa takalmi, sannan ya nufi ina? Ya ce shi bai iya komai ba, ba kamar ni ba da Allah ya ba kai.

Ba kamar ni ba. Kuma ba gatse yake yi ba, na duba fuskarsa da kyau.

Bayan ya tafi na ji haushinsa fiye da kullum. Gona ya fi ni, ruwa ya fi ni, yanzu har halin kirkin ma ya kwashe. Me Baba ya bar mini ne?

Juma'a, 28 ga Maris

Na yanke shawara. Zan dangwala. Kar wanda ya ɗauka don Allah na yi. Tunda taɓo yake so, ya zauna a taɓonsa shekara goma. Gara in gan shi a kan tsohon kekensa da buhun taki da in gan shi a mota. Na gwammace in rasa sabon inji.

Na gaya wa Maman yara dalilina, haka dai yadda na rubuta shi. Ta ce to, ko ta wace ƙofa aka shiga ɗaki an shiga. Ta goge mini riga.

Litinin, 31 ga Maris

Na rufe shago ƙarfe goma, ranar da ta fi kowace ciniki, na tsallaka titi. Auta na can tun safe, bai san ko zan zo ba, ya dai kama mana layi mu biyu. Da ya gan ni ya miƙe tsaye. Na ce ya zauna, mutane na kallo.

Ɗakin rajistar ƙarami ne, fanka ɗaya, tebur biyu, jama'a kamar za su fasa bango. Sai bayan azahar aka kira mu. Ma'aikaciyar ta gaji, ko kai ba ta ɗagawa. Ta turo wata 'yar na'ura mai gilashi ta ce mai rabin rijiya ya fara. Na ɗora babban yatsana. Kafin in ƙifta ido ta yi ƙara, fitila ta yi kore, ga zanen yatsana ya fito a kwamfuta tas, kamar an zana da biro. Har na ji wani ɗan alfahari.

Auta ya ɗora nasa. Ja.

Ya sake. Ja. Ta ce ya canza yatsa. Ya canza. Ya bi yatsun dama duka, ya koma hagu. Ja, ja, ja. A kwamfutar ba abin da ke fitowa sai wani baƙin tabo. Ta ce haka suke fama da manoma tun farkon wata, fartanya da igiya sun cinye musu zanen yatsu. In na'ura ba ta ɗauka ba ita ba abin da za ta iya, kuma ƙarfe huɗu za a rufe. Na baya suka fara gunaguni, wani ya ce a ba mutane wuri.

Auta ya juya hannunsa yana kallo kamar ya yi laifi. Ni ma na kalla. Rabona da in kalli hannun yaron nan da kyau tun muna yara. Tafin ya yi kanta, yatsun sun shafe sumul, duk tsaga, farce ɗaya ya mutu. Hannun Baba ne sak. Har tabon igiya a gindin ɗan ali, wuri ɗaya da na Baba.

Nan take wani tunani ya zo mini, kuma zan rubuta shi. Na ce a raina shi ke nan, na yi nawa, kowa ya gani. Na'ura ce ta ƙi, ba ni ba. A sayar, in karɓi rabona da hannu mai tsabta, ba mai zagina.

Auta ya fara tattara takardunsa. Ya ce wa matar ta yi haƙuri ya ɓata mata lokaci.

Ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba. Wata guda ina jin manoma suna ba juna labarin na'urar nan a shagona, na san busasshen yatsa ne ba ta so. Na ce wa matar ta ba mu dama ɗaya. Na kama babban yatsansa na goga a goshina, inda gumi da maiƙo suka taru, na goga sosai, yana ƙoƙarin janyewa don kunya. Na ɗora a gilashin na danne da nawa a sama, na mirgina shi a hankali daga gefe zuwa gefe, don a gefen akwai ɗan sauran zane.

Ja.

Na sake gogawa. Na ce, “Tsaya mana, kai ko yaushe sai ka yi motsi.” Haka nake ce masa in ina yi masa aski muna yara.

Kore.

Wani tsoho a baya ya ce a yi masa shi ma. Mutum huɗu na goga wa yatsa a goshina kafin in fita, har ma'aikaciyar ta ɗaga kai ta yi dariya.

A waje Auta ya buɗe baki zai yi magana, idonsa ya cika. Na ce kar ya fara, ba don shi na yi ba, kuma na bar shago ba kowa. Ya ce ya sani, Yaya. Me ya sani?

Laraba, 2 ga Afrilu

Dillali ya wuce ta gaban shago bai ko kalle ni ba. Layi ya ƙare, titi ya koma shiru. Injin ya fara fitar da baƙin layi a tsakiyar kowace takarda, mai gyara ya ce sai an canza wani abu a ciki.

Auta ya kawo takardar amincewa a yi masa kwafi. Shagona ya kawo. Ya ajiye kuɗi a kan tebur, na karɓa, don ya san ciniki ciniki ne. Na yi kwafi ɗaya fiye da yadda ya ce, kuskure ne. Yana cikin aljihun tebur.

Har yanzu in na tuna buhunan takin nan raina na sosuwa. Na ɗauka zai daina.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ba wuta tun safe, na rufe shago. Na je kwarin. Ba wani abu ba, mutum ya duba dukiyarsa, tunda an ɗaure mini ita shekara goma. Na bi ta gefen wayar tsohuwar gonata, ban tsaya ba.

An ce injin ban ruwa sai nan da wata biyu. Kafin nan da guga yake ja, kamar yadda Baba ke yi. Na ce ya ba ni in gwada ruwan, ko ya ragu. Guga shida na ja tafina ya tashi ya yi ƙurji. Ya yi dariya, na ce ya kiyaye ni. Ruwan na nan yadda na san shi, da sanyinsa da ɗan ɗanɗanon ƙasa.

Igiyar tasa duk ta ruɓe, ƙulli uku na ƙirga. A hanyar dawowa na tsaya kasuwa. Ba zan bari a riƙa jan ruwana da ruɓaɓɓiyar igiya ba, wata rana ta tsinke gugan ya faɗa a rabina. Mai igiya ya tambaye ni gaba nawa ne zurfin rijiyar, na faɗa masa ban ko yi tunani ba, goma sha huɗu, ina riƙe da fitila ranar da Baba ya kai ga ruwa.

Maman yara ta ga igiyar a tsakar gida ta ce ai da rabi na saya, tunda rabin rijiya gare ni. 

Gobe da safe zan kai masa. Sai in ga ko ƙurjin nan zai bar ni in ja goma.